Mai Gadin Numfashi

Waɗanda aka leƙa wa ciki shekara talatin da suka wuce, har yau da yatsina fuska suke ba da labarin. "Haɗiye tiyo" suke ce wa abin. Za a hana ka ci da sha tun dare. Gari na wayewa a fesa maka wani ruwa mai ɗaci a maƙogwaro har ka ji wurin ya yi nauyi, a kwantar da kai ta gefen hagu, a sa maka roba tsakanin haƙora don kada ka ciji kayan asibiti, sannan a zuro baƙin tiyo mai kaurin ɗan yatsa. Likita ya kafa ido ɗaya a bakin na'urar, shi kaɗai ke ganin abin da ke ciki. Kai kuwa sai kakari, hawaye na zuba, yawu na dalala, nas ta riƙe maka kai tana cewa, "Sannu Baba, ja numfashi ta hanci, an kusa gamawa." Labarin nan ya zaga gari fiye da yadda na'urar ta zaga. Masu gyambon ciki da yawa sun gwammace su shekara suna kurɓar maganin olsa daga kemis, ko jiƙe-jiƙen sassaƙe, da su kai kansu a leƙa. Wasu sai da aman jini ya kai su ranga-ranga.

Yau tiyon ya sirance, akwai kyamara a bakinsa, kowa a ɗakin na kallon cikinka a allo. In kana da hali kuma sai a yi maka allura a bayan hannu, ka farka kana tambayar yaushe za a fara, alhali an gama tuni. Ci gaba ne, babu mai musu. Sai dai wanda ya bi tarihin wannan gwaji da likitoci ke kira endoskofi zai tarar da wani abu da ba a cika faɗa wa majinyata ba: in dai kallo kawai za a yi, ba yanka ko ɗaure jijiya ba, yawancin hatsarin daga numfashi da zuciya yake tasowa, kuma allurar nan ta jin daɗi tana da hannu dumu-dumu a ciki. Ƙasashen da suka riga mu sun biya kuɗin wannan ilimi da rayuka.

A 1868 wani likitan Jamus, Adolf Kussmaul, ya nemo ɗan wasa mai haɗiye takobi a gaban 'yan kallo, ya zura masa miƙaƙƙen bututun ƙarfe mai tsawon santimita 47 har ciki. Bututun ya shiga, amma hasken fitilar bai isa a ga abin kirki ba. Sai a 1932 Rudolf Schindler ya fito da na'urar da rabinta ke lanƙwasa, aka fara wannan gwaji a kai a kai. Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin Schindler matarsa ce, Gabriele. Ita ce mai riƙe kan majinyaci, ta daidaita wuyansa, ta riƙa yi masa magana har a gama. Mijin idonsa na cikin tumbi, ita idonta na kan mutum. A 1957 Basil Hirschowitz, haifaffen Afirka ta Kudu da ke aiki a Jami'ar Michigan ta Amurka, ya haɗa na'urar da ke lanƙwasa gaba ɗaya ta hanyar zaren gilashi, ya fara haɗiye ta da kansa kafin ya sa wa kowa. A 1969 kuma William Wolff da Hiromi Shinya a New York suka buɗe hanyar leƙa babban hanji ta dubura, har da cire tsiron da ke iya rikiɗa ya zama daji. Gwajin ya yawaita, ya tsawaita, ya ƙara zafi, dole aka nemi abin da zai kwantar da mutane.

Abin kuwa ya riga ya samu tun 1963, lokacin da kamfanin Roche ya fito da diyazafam, wanda duniya ta sani da Valium. Daga baya ƙaninsa midazolam ya biyo, mai saurin kamawa da saurin saki. Waɗannan magunguna ba sa kashe zafi. Suna kwantar da hankali ne, su kawo gyangyaɗi, su kuma shafe abin da ya faru daga ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake haɗa su da mai kashe zafi irin fetidin. Matsalar ita ce kowannensu yana rage numfashi, in suka haɗu kuma ba ninki biyu suke yi ba, sun wuce haka. Mutum zai saki jiki, harshensa ya koma baya ya toshe hanyar iska, ƙwaƙwalwarsa ta daina jin cewa iska ta yi ƙaranci. Yanzu a duba ɗakin na wancan zamani: an rage haske don likita ya gani da kyau, idonsa na maƙale a na'ura, nas ɗaya tilo tana miƙo masa abin tsinko nama. Kujerar Gabriele ta zama babu kowa, domin majinyacin da ya yi luf ba ya bukatar lallashi. Shirunsa ake ɗauka alamar lafiya.

Da midazolam ya shiga kasuwar Amurka a 1986, likitoci suka riƙa ɗura shi da hannun da suka saba ɗura Valium, alhali ya ninka shi ƙarfi. Aka yi ta samun rahoton mutuwa, gomomi, da yawa tsofaffi ne da suka zo gwajin 'yan mintoci. A 1987 aka rage adadin da aka yarda a ba mutum, aka ƙara gargaɗi mai tsanani a takardar maganin, a 1988 kuma maganar ta kai gaban kwamitin majalisar dokokin ƙasar.

Ingila ce ta zauna ta ƙirga. Wani bincike da aka buga a 1995 ya bi gwaji 14,149 a asibitoci 36 na yankuna biyu na ƙasar. A cikin waɗanda kallo kawai aka yi musu, mutum 1 cikin 2,000 ya rasu, 1 cikin 200 ya samu matsala, kuma matsalolin numfashi da zuciya ne a kan gaba. Kusan rabin majinyatan babu ko kanula a hannunsu da za a yi saurin ba su magani in abu ya ɓaci, 'yan kaɗan ne aka sa wa oksijin. Matsakaicin midazolam da ake bayarwa miligiram 5.7 ne. A 2004 wani rahoton ƙasa ya sake bin mutum 1,818 da suka rasu cikin kwana 30 bayan an yi musu aiki da wannan na'ura, masu bitar suka ce kusan kashi 14 cikin 100 an zarce musu da maganin barci. A 2008 hukumar kare lafiyar majinyata ta ƙasar ta ba da umarnin a janye kwalaben midazolam masu ƙarfi daga irin waɗannan ɗakuna, a bar mai miligiram 1 a kowace mililita, saboda hannu kan zarce ya ɗure kwalba guda. Yau a can, wanda ya kai shekara 70 ana sa ran abin da za a ba shi ya tsaya wajen miligiram 2. Ba sabon magani ne ya kawo wannan gyara ba. Ƙirga gawa aka yi, aka buga sakamakon kowa ya gani, likitoci suka ji kunya suka rage hannu.

Akwai makari, gaskiya ne. Nalokson na karya su fetidin, fulumazenil na karya su midazolam. Amma fulumazenil kan riga midazolam barin jiki, don haka mutum na iya farkawa ya yi magana, a juya baya, ya sake nutsewa. Ɗakin da ake yawan buɗe kwalbar makari, a Ingila alama ce ta cewa hannun masu aikin ya yi nauyi.

Abu na biyu da ya canza ɗakin shi ne ɗan maƙalen nan da ake sa wa a yatsa, mai jan haske, mai ƙara tit-tit daidai da bugun zuciya. Wani injiniyan Japan, Takuo Aoyagi, shi ya gano dabararsa a farkon shekarun 1970, ya kuma rasu a Afrilun 2020, daidai lokacin da korona ta sa duniya ke rububin abin da ya ƙirƙira. Kafin wannan na'ura, sai leɓen mutum ya yi shuɗi ake gane iska ta yanke masa, abin da ko a farar fata ba ya nunawa da wuri, balle a tamu, balle a ɗaki mai duhu. Na'urar ta ceci rayukan da ba za su ƙirgu ba. Amma tana da makara: in an sa wa mutum oksijin a hanci, zai iya daina numfashi na wani lokaci lambar ba ta motsa ba. Shi ya sa aka ƙaro wata mai auna iskar da mutum ke fitarwa, wadda ke tona asiri nan take. Tana kuma da wani aibi da ya shafe mu kai tsaye. A Disambar 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan suka nuna cewa a tsakanin majinyatan da na'urar ta ce iskarsu lafiya lau, kashi 11.7 cikin 100 na baƙar fata jininsu ya nuna ƙarancin oksijin mai hatsari, a fararen fata kuwa kashi 3.6 ne. Wato ta fi yi mana ƙarya har ninki uku. Wanda ya dogara da lambar allo kaɗai a Kano ko Maraɗi, ya dogara da shaidar da ba ta gama sanin fatarmu ba.

Sai furofofol, wanda shi ne sarkin fagen a yau. Likitan dabbobi ne ya gano shi, John Glen, ɗan Sikotland da ke aiki a kamfanin ICI, aka fito da shi kasuwa a 1986 da sunan Diprivan. Farin ruwa ne fat. Cikin ƙasa da minti guda mutum ya tafi, in an daina ba shi kuma cikin 'yan mintoci ya dawo garau, babu jiri mai tsawo, ba kasafai ake amai ba. Majinyata na son sa, masu asibiti ma na son sa don gado na saurin samuwa. Illarsa biyu: ba shi da makari ko ɗaya, kuma tazarar da ke tsakanin gyangyaɗi da cikakken barcin tiyata a wurinsa ƙanƙanuwa ce. Kamar mai wanka a bakin gulbi ne, wannan taku ruwa a gwiwa, na gaba ya sha kansa. In numfashi ya tsaya, ba abin da zai yi amfani sai hannun da ya iya ɗaga muƙamuƙi, ya buɗe hanyar iska, ya matsa jakar numfashi har maganin ya sake shi.

A kan wa ya cancanci riƙe wannan allura aka yi doguwar rigima a Amurka tsakanin likitocin ciki da likitocin sa barci, rigimar da ilimi da kuɗi suka cakuɗe a cikinta. A 2009 Douglas Rex da abokan aikinsa suka tattara gwaji 646,080 da aka yi da furofofol ba tare da likitan sa barci ba: mutum 4 suka rasu, 11 aka zura wa bututun numfashi. A shekarar ce kuma, ranar 25 ga Yuni, mawaƙi Michael Jackson ya mutu da wannan magani a ɗakin kwanansa, bayan likitan da ya ɗura masa ya bar shi ba mai kallo. Hukumomi suka ƙara tsaurara doka. Gwajin da ake kiran ma'aikacin sa barci ya tashi daga kashi 14 cikin 100 a 2003 zuwa sama da 30 a 2009, kuɗin gwaji ya bi shi sama. Har na'ura aka ƙera, Sedasys, mai ɗura maganin da kanta tana auna majinyaci; aka amince da ita a 2013, aka janye ta daga kasuwa a 2016. A 2014 kuma Joan Rivers, shahararriyar mai barkwanci 'yar shekara 81, ta daina numfashi a wata cibiyar leƙa ciki a New York, ta rasu bayan mako guda. Akwai likitar sa barci a ɗakin. Masu binciken gwamnati suka ce ba a rubuta nauyin jikinta kafin a ba ta magani ba, ba a farga da wuri cewa alamominta na lalacewa ba, har da wanda ya ɗauke ta hoto da waya tana kwance.

Ni abin da na karanto a waɗannan labarai guda ne. Alƙaluman Rex sun yi kyau ne saboda a irin waɗancan ɗakuna akwai ƙwararriyar nas da ba ta da wani aiki sai kallon ƙirjin majinyaci. Jackson ba shi da kowa. Rivers tana da masu takardar shaida, hankalinsu ne ba ya wurin. Ko sabon maganin da aka amince da shi a 2020, remimazolam, mai saurin saki kuma mai makari, bai sauke wa kowa wannan nauyi ba.

To mu fa? A asibitocinmu na koyarwa, irin na Kano da Zariya da Maiduguri da Jos da Sakkwato, abin da aka daɗe ana yi shi ne feshin lidoken a maƙogwaro, in da bukata a ƙara diyazafam ko midazolam, a haɗa da fentazosin musamman wajen leƙa hanji. Yanzu cibiyoyi masu zaman kansu na ƙaruwa a manyan birane, kuma "za ka yi barci, ba za ka ji komai ba" ya zama abin jawo ciniki. Kwalbar furofofol ba ta da wuyar samu. Mai kula da wanda aka ɗura wa ne ke da wuya. Ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya ta ce aƙalla a samu likita 5 ga kowane mutum 100,000, Najeriya kuwa ba ta kai 1 ba. Wani ƙiyasi da aka buga a 2010 ya ce ɗakunan tiyata kusan 77,700 a duniya ba su da ko na'urar yatsa, kuma Afirka kudu da Sahara na cikin inda abin ya fi muni, dalilin kafa ƙungiyar Lifebox ke nan a 2011. A ƙara da wutar da ke ɗaukewa ba sallama, da tukunyar oksijin da ba a san ta ƙare ba sai an buɗe.

Na ga yadda ake yin abin daidai, kuma ba da wasu kayan a zo a gani ba. Na raka gwaggona wata cibiya bayan ta daɗe tana fama da ciwon ciki. Ba a jima da biki a gidanmu ba, yatsunta sun sha baƙin lalle. Nas ɗin ta kama hannun ta juya, ta ce, "Mama, wannan ƙunshi ya yi kyau, amma na'urata ba za ta gani ta cikinsa ba," ta ɗauko wata ta maƙala mata a kunne. Ta tambaye ta abin da ta sa a baki tun asuba. Gwaggo ta ce ba ta ci komai ba, ɗan koko kawai ta kurɓa. Aka mayar da mu benci muka yi zaman awoyi, gwaggo na mita. A wurinmu koko da kunu da fura da shayi mai madara duk "sha" ne, a wurin ciki kuwa abinci ne. Ƙa'idar ita ce awa 6 babu abinci, awa 2 babu ko ruwa, domin wanda aka sa barci ba ya iya tari ya kare huhunsa in abin ciki ya taso. Bayan an gama aka turo ta ɗakin hutawa tana munshari, na ce a raina barci ya yi daɗi. Nas ɗin ta taso da sauri, ta sa yatsu a ƙarƙashin haɓarta ta ɗaga, munsharin ya ɗauke. Ta ce mini, "Malam, in ka ji wannan ƙara ka kira ni. Harshe ne ke toshe hanya." Ba ta bar mu mun tafi ba sai da gwaggo ta zauna, ta faɗi sunanta da inda take, ta taka da ƙafarta.

Akwai kuma abin da ya rataya a wuyan majinyaci, kuma a nan kunya ke yi mana illa. Wanda ya saba da tiramol ko kodin ko roci ko allurar fenta, jikinsa ba ya jin adadin da ake ba kowa, sai a yi ta ƙara masa har a wuce iyaka. In an tambaye shi a gaban mahaifinsa, ko an tambayi mace a gaban mijinta, amsar "a'a" ce. Ya kamata likita ya keɓe mutum ya tambaye shi, shi kuma ya faɗi gaskiya, domin ba ofishin 'yan sanda ya zo ba. Haka mai ciwon hanta, wanda muke da su da yawa saboda cutar hanta nau'in B: hantarsa ba ta saurin narkar da midazolam, ɗan kaɗan na iya jefa shi cikin ruɗewa, kuma shi ne aka fi kawowa yana aman jini, cikinsa cike. Mai ƙiba da ke munshari da daddare, mai asma, mai ciwon zuciya, mai juna biyu, duk sai sun faɗa. Bayan allura kuma, awa 24 babu tuƙin mota, babu hawa babur da kanka, babu sa hannu a takarda ko ƙulla ciniki. Bayanin da likita zai yi maka kana farkawa ma, da wuya ka tuna shi gobe, don haka ɗan rakiya ya saurara, a kuma karɓi sakamako a rubuce. Mace tana da haƙƙin ta ce a bar ma'aikaciya mace a ɗakin daga farko har ƙarshe.

Kada kuma a raina feshin maƙogwaro a ce aikin talaka ne. A Ingila har gobe ana ba mutum zaɓi, da yawa kuma feshin suke ɗauka don su tashi su koma harkarsu. A Japan, inda ake yawan leƙa ciki don farautar ciwon daji tun yana ƙarami, akwai siririn tiyo mai kaurin milimita 5 zuwa 6 da ake bi da shi ta hanci, mutum na farke yana magana da likita. Leƙa babban hanji da ayyuka masu tsawo, waɗannan kam sukan bukaci magani, kuma a nan ne ya kamata a kashe ɗan abin da muke da shi na ƙwararru.

Masu buɗe cibiyoyi, ku ɗauki ma'aikacin da aikinsa kawai kallon numfashi ne, ku horar da shi, ku tanadi oksijin da jakar numfashi da injin zuƙe majina kafin ku sayi kwalbar furofofol ta farko. Kai kuma mai karatu, in likita ya rubuta maka wannan gwaji, ka je, kada labarin mutanen da ya hana ka. Kafin ka miƙa hannu a yi maka allura, ka tambaya: wa zai zauna a kaina, kuma yana da wani aikin ban da ni? In aka yi ta kame-kame, ka ce a fesa maka maganin maƙogwaro a yi maka ido biyu. Leƙa ciki ta baki minti 5 zuwa 10 ne.